Ranar da Gwaggo Ta Amsa Takenta

Na shafe shekaru talatin da 'yan kai ina aikin magatakarda a kotu, kuma takardun da suka bi ta hannuna a tsawon wannan lokaci ba su ƙirguwa. Yawancinsu sun shuɗe daga ƙwaƙwalwata, domin aikin magatakarda shi ne ya rubuta ya adana, ba ya riƙe a ka ba. Amma akwai wata takarda mai shafi huɗu da na rubuta tun ina ɗalibi, da kuma yammacin da ya jawo rubuta ta, waɗanda ba za su fita daga raina ba har ranar da za a kai ni makwancina. A cikinta ne hannuna ya rubuta ƙarya karo na farko kuma na ƙarshe, kuma wadda na yi wa ƙaryar ita ce matar da ta rene ni.

A lokacin ƙasarmu ba ta daɗe da sauya suna ba. Ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun shari'a, kullum da safe ina fita daga unguwarmu ta Zongo a Wagadugu zuwa jami'ar, wajen unguwar Zogona, a kan mobilet, wato ƙaramin babur. Ƙa'ida ce kowane ɗalibi ya zaɓi darasi guda daga wajen fanninsa. Na duba jerin darussan da idon mai neman sauƙi, na ga wani da aka kira gabatarwa ga kiɗan Turai ta hanyar sauraro. Na tambaya ko za a sa mutum ya busa wani abu ko ya kaɗa, aka ce a'a, sauraro ne kawai da rubutu. Na ce a raina, in dai rubutu ne ai an zo gidana.

Malamarmu 'yar ƙabilar Mosi ce, gajeriya, marar yawan fara'a, wadda ta yi karatu a ƙasar waje ta dawo. Takan zo da rediyo mai kaset ɗaure a bayan mobilet ɗinta. A rana ta farko ba ta ko gaishe mu sosai ba, ta kunna wani kiɗa na kimanin minti goma, ta kashe, ta ce, "Me kuka ji?" Ni da na riga na karanta takardar tsarin darasin tun daga farko har ƙarshe, sai na ɗaga hannu, na faɗi sunan wanda ya tsara kiɗan, da garinsu, da shekarar haihuwarsa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Na tambaye ka abin da ka ji, ka ba ni abin da ka karanta." Aji ya kwashe da dariya. Na ji haushi ƙwarai, domin duk abin da na faɗa daidai ne, kuma har yau ina nan a kan cewa daidai ne. Duk da haka, a ƙarshen wannan zama ni ta naɗa wakilin aji, saboda kyan rubutuna. Ni ke riƙe da rajistar masu zuwa, ni ke ba da aron kaset, ni ke karɓa. Ta kuma umarci kowannenmu ya buɗe littafin sauraro, inda zai riƙa rubuta abin da kunnensa ya kama a gida.

To, a gidanmu rediyo mai kaset guda ɗaya ce, kuma ta Gwaggo ce. Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ina da shekara shida bayan rasuwarsa, ita ta sa ni makarantar boko a lokacin da dattawan unguwa ke ganin ɓata yaro ne, kuma ita ta saya mini mobilet ɗin da nake taƙama da shi ranar da na shiga jami'a. Allah bai bar mata ɗa na cikinta ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, domin sunan mahaifinta aka sa mini, sai dai ta ce "Babana". Tana da shagon zannuwa a ƙofar gida, yana fuskantar layin masu goro, kuma a nan rediyon take zaune a kan kanta, ba ta shiga cikin gida. Saboda haka duk mai son sauraron kiɗan Turai dole ya saurare shi a gaban jama'ar Zongo.

Bayan azahar, lokacin da ciniki ke lafawa, nakan zauna a kan benci da littafina da agogo, in kunna. Masu goro suka samu abin nishaɗi. Akwai wani tsohon direba, mutumin Nijar, da ke wuni a wurinsu, shi ne shugaban masu tsokana. Rana ta farko ya saurara na ɗan lokaci ya ce, "Akawu, yaushe za su fara waƙar?" Na ce masa babu waƙa a ciki. Ya riƙe baki ya ce, "Ashe duk wannan gyaran murya ne? To Allah ya kawo mu lokacin da mutum arba'in za su taru su yi ta gyaran murya, a kuma ba yaro digiri don ya ji su." Wani daga cikin masu goron ya ce, "Ka bar shi, kiɗan masu ciwon kai ne." Na yi musu bayani mai tsawo a kan tsari da ƙa'ida, wanda babu wanda ya saurara. A wancan zamani ina da saurin fushi a kan duk abin da na ɗauka jahilci ne, kuma ina da yawan ɗaukar abubuwa a matsayin jahilci.

Gwaggo ba ta shiga tsokanar ba. Tana ta ninke zannuwanta har mako na biyar, lokacin da aka ba mu wani kiɗa na mutum huɗu, dukansu masu goge. Kashi na biyu na kiɗan a hankali yake tafiya. Ina duban agogo ina rubuta mintoci, sai na lura hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa.

"Babana, mayar da shi baya," ta ce.

Na mayar. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Wannan mai kaurin muryar, mene ne shi?" Na bayyana mata cewa goge ne babba, wanda ba ya ɗaukuwa a kafaɗa, sai an tsayar da shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ta gyaɗa kai ta ce, "Uwar goge ke nan. Ka ji ta? Magana guda take faɗa. Ta faɗa, yaran nan uku suka katse ta. Ta haƙura, ta sake faɗa, suka sake katse ta. A na uku ne suka yi hankali suka bi ta." Na sake mayar da kaset ɗin don in tabbatar, domin ba na karɓar magana ba tare da bincike ba. Haka abin yake, ba ragi ba ƙari. Na saurari kiɗan nan sau shida, na cika shafi biyu da mintoci da daƙiƙoƙi, ban ji abin da ta ji a sauraro guda tana ninke zane ba. Na rubuta bayaninta a littafina da Faransanci mai kyau. Da Malama ta duba, ta rubuta a gefe da jan biro cewa ga shi na fara ji. Ban gaya mata kunnen wa ya ji ba. Ban yi ƙarya ba a wannan karo, amma na zauna a kan yabon da ba nawa ba, kuma na ji daɗin zaman.

Bayan kwana biyu Gwaggo ta yi mini tambayar da ya kamata in auna nauyinta. Ta ce, "Wannan kiɗan, wa ake yi wa shi?"

Dole in yi wa wanda bai tashi a cikinmu ba bayani. A Zongo kiɗa ba ya zama haka kawai ba mai shi. Mahauta suna da nasu, fatake suna da nasu, kuma duk mutumin da ya isa a unguwa yana da takensa, wato ɗan kiɗan da masu kalangu suka keɓe masa shi kaɗai. Idan ana biki aka kaɗa takenka, ba ka da ikon zama. Sai ka miƙe ka amsa, ka yi kyauta nan take, kiɗan yana da zafi, jama'a suna gani. Daga nan sanƙira, wato mai shelar makaɗa, zai ɗaga kyautar sama ya faɗi wanda ya bayar, a yi godiya. Wanda aka kaɗa masa takensa ya zauna shiru, ya wulaƙanta makaɗin, ya kuma wulaƙanta kansa. Gwaggo kuwa ba ta da take. Ta yi shekaru tana tallan zane a ka kafin ta samu shago, kuma tsohon mai kalangun da ya yi mata alkawarin zai tsara mata nata ya rasu bai cika ba. A bukukuwa takan zauna tana kallon ƙawayenta suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma na sani.

Na amsa mata da cewa ba a yi wa kowa shi ba, kiɗa ne don kansa. Ta ce, "Kai, Babana! Kiɗa mai kyau haka a bar shi maraya?" Na ce haka al'adarsu take. Ta ce, "To tun da ba mai shi, na ɗauka." Na yi dariya, na ɗauka raha ce. Daga ranar, ko da na mayar da kaset ɗin jami'a, sai da na nemo wani na kwafa mata. Kullum bayan azahar sai ta ce, "Sa mini nawa." Har masu goro suka saba, idan uwar goge ta fara sai tsohon direban ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, ga naki ya zo!" ita kuma ta ɗaga masa hannu kamar sarauniya.

Gab da ƙarshen zangon karatu Malama ta shigo aji da fara'ar da ba mu saba gani ba. Ta ce wasu makaɗa huɗu daga Turai suna ratsa ƙasashen yankinmu, kuma ta roƙe su sun yarda su yi mana kiɗa a babban ɗakin lacca, ranar Alhamis bayan la'asar. Kowane ɗalibi zai rubuta rahoto a kan abin da ya ji da abin da ya gani, kuma wannan rahoto shi ne jarrabawarmu. Ta ce kowa yana iya zuwa da baƙo guda. Da ta rubuta jerin abin da za a kaɗa a allo, na ga kiɗan Gwaggo a ciki. Da na yi shiru da bakina da ba a kai ga wannan labari ba, amma ina son a san ina da labari, na faɗa mata a wurin cin tuwo.

"Su da kansu? Da uwar gogen?" ta ce. "Ai kuwa da ni za a je."

Na yi ƙoƙarin hana ta da dabara, ban yi nasara ba. Sai na koma ga abin da na iya. Na ɗauko littafina na karanta mata ƙa'idojin da Malama ta ba mu: ba a magana, ba a cin komai, ba a tafi sai an gama kiɗan gaba ɗaya, ko da makaɗan sun ɗan tsaya a tsakani. Ta ce, "Na ji. Ni yarinya ce?" Na karanta mata duk abin da ke rubuce. Abin da ban faɗa mata ba shi ne ba a miƙewa, domin ba ya cikin rubutun, kuma a lokacin abin da ba ya cikin rubutu ba ya zuwa mini a rai.

Ranar Alhamis ta yi shiga irin ta babbar salla, ta sha lalle, ta fito da wani ƙunshi a hammata. Na tambaye ta mene ne, ta ce, "Ina ruwan namiji da kayan mata?" Na goya ta a mobilet, na sauke ta a gindin wata darbejiya nesa kaɗan da ƙofar ɗakin, na nuna mata inda baƙi ke zama, a kujerun sama ta baya. Mu ɗalibai muna gaba, kowa da littafinsa a gwiwa. Ɗakin ya cika da malamai da manyan baƙi da Turawa kaɗan. An kashe fankoki don kada ƙararsu ta dami kiɗan, kowa yana gumi cikin ladabi.

Makaɗan suka fito, maza biyu mata biyu. Mai uwar gogen dattijo ne mai sanƙo, dogo, wanda ke rufe ido idan yana kaɗawa. Kashi na farko ya wuce lafiya. A ɗan shirun da ya biyo baya na kasa kunne ta baya, ban ji tafi ba, na ce alhamdu lillahi, Gwaggo ta riƙe ƙa'ida. Sai kashi na biyu ya fara. Ban taɓa sanin bambancin kaset da gaskiya ba sai a wannan lokaci, domin muryar gogen nan ta cikin benci take shigowa ta hau ƙirjin mutum. Ta faɗi maganarta karo na farko. Ta faɗa karo na biyu. Tana shiga na uku sai guɗa ta tsaga ɗakin daga sama.

Guɗar Gwaggo sananniya ce a Zongo, ana gayyatarta biki saboda ita. Kawuna ɗari biyu suka juya a tare. Na ga Gwaggo tana saukowa matakala a hankali, ba gaggawa, ba rawar jiki, tana warware ƙunshinta. Zane ne saƙi, baƙi mai sheƙin shuni, wanda na san ya fi shekara goma a ƙasan akwatinta, wanda ta sha ƙin sayar wa matan manya. Ta wuce ta gefena har gyalenta ya taɓa littafina. Ta hau dandamali, ta zagaya ta bayan dattijon don kada ta taɓa hannunsa mai jan gogen, ta shimfiɗa masa zanen a kafaɗa, ta gyara masa shi kamar yadda ake yi wa ango. Ya buɗe ido, ya dube ta, ya dubi zanen, bai tsaya ba. Ɗaya daga cikin mata makaɗan ta ɗan kauce wa kiɗan ta dawo. Gwaggo ta ɗan rusuna, ta juya, ta koma mazauninta. Dattijon ya ƙarasa kiɗan duka, har kashi na huɗu, da zanen a kafaɗarsa, cikin wannan zafi.

Ni kuwa ban ji ko ɗaya daga cikin sauran ba. Ina jin wasu ɗalibai suna danne dariya, ina ganin wani malami yana girgiza kai. Abin da ke yawo a kaina shi ne, ni wakilin aji, ni mai riƙe da rajista, ni da ke harar duk wanda ya yi tari, ga abin da ya fito daga gidanmu.

Da aka tashi, ina tsaye a bakin ƙofa ina karɓar sa hannun ɗalibai, sai wani jami'i mai kwat ya nufo ni. Ya ce da Faransanci, "Kai ne wakili? Wa ya zo da matar nan?" Gwaggo tana tsaye taku uku daga inda nake, tana jirana, fuskarta tana haske kamar ta wadda ta sauke farali. Na dubi rajistata na ce, "Ban san ta ba, ranka ya daɗe. Wataƙila daga cikin gari ta shigo."

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ta shekara talatin tana ciniki da matan ma'aikata. Faransancin da ya isa a gane wannan magana tana da shi. Da na ɗago kai ba ta wurin.

Na same ta a hanya, ta kusa unguwar Paspanga, tana tafiya a ƙasa da takalman salla. Na tsaya a gabanta na ce, "Gwaggo, hau mu tafi." Ba ta dube ni ba, ta ce, "Malam, ba na hawa bayan wanda bai san ni ba." Na kashe mobilet na tura shi a bayanta har Zongo. Abin takaicin shi ne, maimakon wannan tafiya ta karya mini girman kai, sai ta ƙara mini taurin kai. Washegari na zauna na rubuta rahotona, shafi huɗu, da rubutuna mafi kyau. A shafi na uku na rubuta cewa wata mata da ba a san ko wace ce ba ta katse kashi na biyu, kuma ya kamata nan gaba a riƙa tantance masu shiga. Na sa hannu, na miƙa.

Kwana tara muka yi a haka. Abincina bai taɓa makara ba, wankina bai taɓa kwana ba, amma "Babana" ya ɓace daga gidan. Ta lulluɓe rediyon da wani tsohon ɗankwali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta gaya wa kowa ba. Na ji da kunnena tsohon direban yana tambayarta, "Hajiya, yaya kiɗan Turawa? Sun kaɗa miki naki?" Ta ce, "Sun kaɗa. Sun iya." Ya ce, "Akawu bai ba ki kunya ba dai ko?" Ta ce, "Yaron kirki ne." Ina bayan labule ina ji, na gwammace a ce ta zage ni a tsakiyar layi.

A rana ta goma Malama ta raba rahotanni, ta ba kowa nasa ban da ni. Ta ce in biyo ta ofis. Ta ajiye takardata a kan tebur, babu maki a kanta, ta ɗora yatsa a shafi na uku.

"Ina bayanku ranar Alhamis, ina ɗaure mobilet ɗina, lokacin da ka sauke ta a gindin darbejiya," ta ce. "Wace ce?"

Na ce, "Gwaggota ce. Ita ta rene ni."

"Ita ce mai maganar da ake katsewa sau biyu, a bi ta a na uku?"

Na ce ita ce.

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce da aka gama, dattijon nan bai ko ajiye gogensa ba ya ce a kai shi wurin matar. Ita Malama ta bayyana masa abin da kyautar ke nufi, domin su ma Mosi suna da irin wannan al'ada, sai ya ƙara matsawa. Ta fito nemanmu, aka ce mata wakilin aji ya ce bai san matar ba. Da safe makaɗan suka wuce. Ya bar 'yar takarda, ya ce in an same ta a karanta mata. Sa'an nan Malama ta ce, "Ka san abin da ka yi? Ta ba da kyauta a gaban jama'a, ba a yi shelarta ba. Kai ɗan Zongo ne, ka fi ni sanin sunan wannan. Ƙa'idar shiru ni na koya muku ita, kuma ƙa'ida ce mai kyau, ina nan a kanta. Amma na koya muku ita ne don a girmama makaɗi. Duk ɗakin nan wa ya girmama shi kamar ta?"

Na ce zan sake rubuta rahoton. Ta ce wannan dole ne, amma ba shi ne gyaran ba. Ta tambaye ni wane lokaci layinmu ya fi cika, na ce bayan la'asar. Ta ce in jira ta ranar Asabar.

Ta zo kuwa, a kan mobilet ɗinta, da zane da ɗankwali irin na matan gari, ba shigar aji ba. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo da Mosanci, suka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo mata ruwa. Masu goro suka miƙa wuya, matan maƙwabta suka fito ƙofa. Sai Malama ta miƙe ta fito da takardar, ta ce mini, "Ni zan karanta, kai za ka yi sanƙira."

Ni da ban taɓa ɗaga murya a titi ba, ni da nake ganin roƙo aikin marasa karatu ne, na tsaya a tsakiyar layi da farar riga da biro a aljihu. Malama ta karanta jimla ta farko, na fassara da murya irin ta mai karanta hukunci. Gwaggo tana zaune a kan kujerarta, idonta a kan zannuwa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Gaya wa sanƙiran nan ya ɗaga murya. Masu goro ba su ji ba."

Tsohon direban ya ce, "Wallahi ba mu ji ba! Akawu, buɗe maƙogwaro!"

Na rufe ido na buɗe maƙogwaro. Na ce, "Jama'ar Zongo, ku saurara! Gwaggota, yayar mahaifina, wadda ta rene ni, ita ce ta ba mai uwar goge zanen saƙi! Mai uwar goge ya ce ya gode! Ya ce ya daɗe yana yawo da gogensa, an yi masa tafi a garuruwa da yawa, amma ba a taɓa tufatar da shi yana cikin kaɗawa ba sai a Wagadugu!" Mata suka ɗauki guɗa. Takardar ta ƙare a nan, Malama ta ninke ta, amma ni ban tsaya ba, domin akwai saura wanda ba a rubuce yake ba. Na ce, "Kuma ku sani, a ranar an tambaye ni ko na san ta, na ce ban san ta ba. Ƙarya na yi. Ita ta rufa mini asiri, ni na tona."

Direban ya cire hularsa ya sake sawa. Gwaggo ta ɗago kai karo na farko cikin kwana goma sha shida, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Wa ya aike ka faɗin wannan? Sanƙira ba ya ƙari a kan abin da aka ba shi." Ta share ido da bakin gyale, ta ce, "Zo nan, shashasha. Duba yadda ka jiƙe da gumi kamar wanda ya yi dako." Na durƙusa a gabanta, ta dafa kaina, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Daga baya ta zaɓi turmin atamfa ta ba Malama, wadda ta yi ta ƙi har ta gaji ta karɓa, kuma dole na sake miƙewa na yi shelar wannan ma, jama'a suna dariya.

Na sake rubuta rahoton, na faɗi wace ce, da dalilin miƙewarta, da abin da na yi. Malama ta ba ni goma sha ɗaya bisa ashirin, mafi ƙanƙantar maki da na taɓa samu a jami'a. Ta rubuta a ƙasa cewa rahoton ya cancanci fiye da haka, amma na farkon ma nawa ne, kuma ba a goge abin da aka sa wa hannu. A lokacin na ga tsauri ne. Da na zama magatakarda na gane adalci ne.

Gwaggo da Malama duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Na shiga darasin nan ina zaton za a koya mini yadda ake zama shiru a gaban kiɗan wasu, kuma an koya mini, har yau ina amfana. Amma abin da ya zauna mini shi ne wannan: ladabi ba iri ɗaya ba ne a duniya, wani da shiru yake girmamawa, wani da guɗa, kuma mai hankali yana iya koyon na wasu ba tare da ya tofa wa na gidansu yawu ba. Gwaggo ta karya ƙa'idar ɗaki guda na minti biyu, cikin rashin sani da kyakkyawar niyya. Ni na san abin da nake yi sarai, na kuma karya wadda ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Duk ilimin da zai sa a tambaye ka wanda ya rene ka ka sunkuyar da kai, ba ka gama koyonsa ba tukuna, ko da takardunka sun cika akwati.